Inda Madubi Zai Zauna

Kwana uku yana jingine bayan ƙyaure,
fuska ga bango, kamar yaron da aka yi wa faɗa.
Daga Rijiyar Ɗorowa na ɗauko shi,
naɗe da tsohon bargo, bisa cinyata, har Arkilla.
Duk ramin da mota ta faɗa
sai na ji shi a haƙorana.

Lawali ya iso da guduma, ƙusa uku a baki.
Sau biyar ƙanen nawa ya je Sin saro tayil,
ya dawo da tari, da shayi mai ɗaci,
da ilimin bango.

Na nuna masa daidai ƙofar shigowa.
Ya furzo ƙusoshin a tafin hannu:
"Ba nan ba, Kulu.
Can sun ce arziki baƙo ne mai kunya.
In ya yi sallama ya ga mai kama da shi a tsaye,
sai ya ce ashe an riga ni, ya juya."

Na ce to, ɗaki, gaban gado.
Ya ce barci ba ya son shaida.
Na so in musa, sai na tuna wani dare
da aka ɗauke wuta, na tashi shan ruwa,
wata mata ta tashi tare da ni,
na yi a'uziyya uku kafin na gane ɗankwalina.

Madafa fa?
"Ki ninka wuta? A garin nan?
Zafin Sakkwato bai neman tagwai."
Kada ya kalli bayi.
Kada ya kalli wani madubin,
don in suka fara gardama, ba mai raba su.

Gwaggo Yalli na kan tabarma tana tsinkar zogale,
ba ta ko ɗago kai ba:
"Sai da kat tahi Sin kaj jiyo wanga?
Mu tun muna 'yan mata
ba mu duba shi in dare ya yi,
ba mu nuna ma jinjiri.
Kuɗin jirgi dai kab ɓata."

Ni kam na san arziki na Allah ne,
gilashi bai tare shi, bai kiran shi.
Amma na bi su ɗaki ɗaki
rungume da shi, ina haki,
silin na wucewa a cikinsa, da fanka, da gwiwar Lawali,
gidan duk ya bi ta ƙirjina.

Da la'asar hannuna ya mutu.
Na dire shi a baranda, gefen randa,
don kawai in huta.

Sai ga ɗan lemun da na dasa makon jiya,
mai ganye bakwai,
ya zama biyu.
Wani haske ya tsallaka ya kwanta a lungun
da tun zuwanmu rana ba ta gaishe shi ba.

Lawali ya ce, "Ruwa da ganye! Haka suka ce."
Gwaggo ta karkaɗe zani:
"Nan uwarku ka aje shi a tsohon gida,
don ta ga wa ka shan ruwa ya bar randa buɗe."

Ba wanda ya ƙara magana.

A kusurwar hagu akwai baƙin tabo,
inda babban yatsanta ya cinye azurfar
shekara talatin tana gyara kwalli.
Na ɗora nawa.
Bai rufe shi ba.

Ya buga ƙusa, ya ja baya, ya kanne ido:
"Ya ɗan karkace."
Na ce bar shi.
Na ɗauki faifai na rufe randar.